Ko Mai Guntuwar Gona Zai Iya Zama Mutumin Kirki?

Gabatarwa

Idan dattijo ya rasu a ƙauyukanmu na arewacin Kano, ba a cika jin masu zaman makoki suna lissafa damman dawar da ya taɓa nomawa ba. Abin da iyalinsa suke kasa kunne su ji shi ne maƙwabci ya ce, "Allah ya jiƙan wane, mutumin kirki ne." Wannan shaida ita ce mafi tsadar abin da Bahaushe yake fatan bari a bayansa. Wani Bature masanin Hausa, A. H. M. Kirk-Greene, ya taɓa tattara siffofin da muke nufi da ita a wata lacca da aka buga a 1974, ya lissafa guda goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce, ko waɗannan siffofi suna da farashi? Harshenmu yana da kalmomi biyu da ake rubutawa iri ɗaya, amma ɗan jan wasali yana raba su a baki. Akwai hali na ɗabi'a, inda ake cewa wane yana da halin kirki. Akwai kuma hali na abin hannu, inda ake cewa wane mai hali ne. Shin na farko yana iya tsayawa ba tare da na biyu ba? Magidancin da ya gaji gonar da ba ta ciyar da gidansa wata shida, zai iya cika mutumin kirki, ya kuma yi rayuwar da za a kira mai kyau? Fiye da shekara 2,300 da suka wuce masanan Girka sun yi jayayya mai zafi a kan wannan tambaya. Ina ganin manomin Ɗambatta ko Kunchi yana da abin ƙaruwa a jayayyar tasu, yana kuma da gyaran da zai yi musu.

Ƙasar da ba ta hutawa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ta Ɗambatta, ko hanyar Katsina ta Bichi da Tsanyawa, zai lura da abu guda: babu daji. Gona ce take haɗe da gona, layin gamba ya raba su, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya suna tsaye a tsakiya, kowace bishiya da mai ita. A wasu sassan ƙasar Hausa manomi yakan bar gona ta zama saura, ta huta shekara biyu ko uku. Mu a nan ba mu da wannan gata, domin mutane sun yi wa ƙasa yawa tun kaka da kakanni. Kowace damina ana shuka gero da dawa, a ratsa wake da gyaɗa a tsakaninsu, a gona ɗaya, shekara da shekaru.

Masana irin su Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, sun fara nazari tun a shekarun 1960 a kan yadda ƙasar nan ta jure irin wannan noma ba ta mutu ba. Amsar da suka samu kowane yaron ƙauye ya san ta. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke, a yanko musu ciyawa, da rani kuma a ba su harawa. Kashinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida ana tara su, kafin ruwa ya sauka a yi ta jigila a mangala bisa jaki ko a amalanke, a zuba tsibi-tsibi a gona. Da can, jakunan da suka kai itace birni da takin birni suke komowa. Ƙasar tana bayarwa ne domin ana mayar mata.

Sai dai gona ba ta ƙaruwa, magada kuwa suna ƙaruwa. Gonar da kakana ya noma shi kaɗai, yau mu jikokinsa fiye da goma ne muke da rabo a cikinta. A Ungogo da Dawakin Tofa birni yana ta lashe gonaki, ana yanka su fuloti-fuloti. Takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, kuma tun bayan janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin komai ya ƙara hawa. A kan wannan ƙasa nake tsaye nake yin tambayata.

Abin da Girkawa suka nema

Sukrat, wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin Miladiyya, ya ƙare rayuwarsa yana tare mutane a kasuwa yana tambayarsu mene ne adalci, mece ce jarumta. A wurinsa gara a zalunce ka da ka yi zalunci, domin wanda aka zalunta jikinsa ko dukiyarsa aka taɓa, azzalumi kuwa ransa ya ɓata da hannunsa. Almajirinsa Aflatun ya tsara manyan kyawawan ɗabi'u huɗu: hikima, jarumta, kamun kai da adalci. Sannan aka samu almajirin Aflatun, wato Aristo, wanda Turawa suke kira Aristotle, malaman Larabawa kuma suka yi masa laƙabi da Malami na Farko. An haife shi a 384, ya rasu a 322 kafin Miladiyya, ya bar littafin ɗabi'u mai kashi goma da aka danganta da sunan Nikomakus.

Kalmomi biyu ne ginshiƙin tunaninsu. Ta farko ita ce "arete", wato nagartar abu wajen yin aikin da aka yi shi dominsa. Fartanya mai nagarta ita ce mai cin ƙasa ba ta lanƙwashewa. Mutum mai nagarta shi ne mai yin aikin da ya keɓanta da ɗan Adam da kyau, wato tafiyar da rayuwa bisa jagorancin hankali. Ta biyu ita ce "yudaimoniya", wadda Larabawa suka fassara da sa'ada. Ba farin cikin ranar Sallah ake nufi ba, wanda yake zuwa da safe ya tafi da yamma. Ana nufin rayuwa gabaɗayanta idan ta yi kyau, abin da mu za mu kira rayuwa mai albarka. Aristo ya ce ana samunta ne ta hanyar aikata nagarta tsawon rai, kuma yini ɗaya ba ya isa shaida, kamar yadda ruwan farko ba ya zama damina.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa waɗannan baƙi yau suka fara sauka a ƙasarmu. An fassara littafin Aristo zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa. Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya gina littafinsa Tahzibul Akhlaƙ a kansa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo waɗancan ɗabi'u huɗu a cikin Ihya'u Ulumiddin a matsayin uwayen ɗabi'u, ya auna su da ma'aunin Shari'a. Ihya kuwa har yau ana karanta shi a zaurukan malamanmu. Ke nan wani yanki na muhawarar Atina ya daɗe da shigowa Kano, sanye da rawani.

Hali zanen dutse?

Kafin a tambayi ko talauci yana hana kirki, sai an san daga ina kirki yake zuwa. Hausawa suna cewa hali zanen dutse, ba ya kankaruwa. Idan aka ɗauki maganar a kan zahirinta, to babu sauran muhawara: wanda aka haifa da amana zai riƙe ta ko da yunwa, wanda aka haifa maci amana zai ci ko da ƙoshi.

Abin sha'awa shi ne, Aristo ma da dutse ya buga misali, amma don ya rushe wannan fahimta. Ya ce dabi'ar dutse ita ce faɗowa ƙasa, ko sau nawa ka jefa shi sama ba zai saba da tashi ba. Ɗan Adam kuwa yana sabawa, saboda haka shi ba dutse ba ne. An halicce shi da damar karɓar nagarta, amma maimaita aiki ne yake tabbatar da ita, kamar yadda magini yake zama magini ta hanyar yin gini. Gazali ma ya tsaya a nan. Ya kafa hujja da cewa ana horar da doki da kare da shaho su bar abin da suka saba, balle mutum mai hankali, kuma da hali ba ya sauyawa da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza.

Duk da haka karin maganar tamu ba ƙarya ta yi ba. Tana faɗin ƙarshen al'amari ne. Aristo ya yarda cewa wanda ya daɗe yana aikata mugunta yakan kai inda komowa take yi masa wuya, kamar wanda ya riga ya saki dutse daga hannunsa. Shi ya sa muke da wata karin maganar da take cike ta farko: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A karkararmu makarantar wannan tanƙwarawa ita ce gandu. Yaro yana farawa da yanko ciyawar awaki, sannan ya bi bayan masu saran shuka yana zuba iri yana rufewa da ƙafa, sannan a ɗaura masa 'yar fartanya. Yana ganin mahaifinsa a lokacin huɗa ya zo bakin iyaka, babu kowa a gonar maƙwabci, garma tana iya shiga kunya ɗaya ba wanda zai lura sai baɗi, amma ya tsaya a kan gambar da kakanni suka dasa. Yana ganin ana fitar da zakka a bakin rumbu tun kafin a ɗanɗana sabon tuwo. Ba wanda ya zaunar da shi ya ba shi darasi a kan amana. Ya gan ta sau ɗari, ya yi ta sau ɗari, har ta zame masa jiki. Wannan shi ne ainihin abin da Aristo ya bayyana.

Tsaka-tsaki da idon manomi

Aristo ya ƙara da cewa kowace nagarta tana zaune ne tsakanin aibi biyu, ɗaya na wuce iyaka, ɗaya na gazawa. Jarumta tana tsakanin tsoro da ganganci. Karamci yana tsakanin rowa da almubazzaranci. Amma tsakiyar ba ta awon igiya ba ce. Ya kawo misalin wani shahararren ɗan kokawa mai suna Milo: abincin da ya yi wa Milo kaɗan zai yi wa sabon shiga yawa. Tsakiyar kowa tana bin halin da yake ciki.

Wannan magana tana da amfani ƙwarai ga mai guntuwar gona. Aristo ya faɗa ƙarara cewa ana auna karamci ne da abin da mai bayarwa ya mallaka, har mai ba da kaɗan yana iya fin mai ba da yawa. Mai dami goma sha biyar da ya aika wa ƙanwarsa bazawara dami ɗaya ya fi mai dami ɗari da ya aika biyu. Haka kuma magidancin da ya kwashe rumbu da kaka ya kai kasuwa don a ce bikin 'yarsa ya fi na kowa, sannan ya koma awo da tsada a tsakiyar damina, ba karimi ba ne. Ya ciyar da 'yan biki da tuwon 'ya'yansa.

Haƙuri ya fi kowace siffa buƙatar wannan ma'auni, domin shi muka fi yabo, shi kuma aka fi cutar da mu da sunansa. Haƙurin manomin da ya yi binne, ruwa ya yi yayyafi ya ɗauke, iri ya ruɓe, ya sake nemo iri ya shuka ba tare da ya huce a kan iyalinsa ba, wannan nagarta ce. Amma wanda ya ga ana cinye gonar marayu ya sunkuyar da kai ya ce haƙuri yake yi, wannan mutuwar zuciya ce ta ari rigar haƙuri. Aristo ya ce wanda ba ya fushi a inda ya kamata a yi fushi shi ma abin zargi ne. Haƙuri na gaskiya yana tsakanin raki da mutuwar zuciya.

Wane ne zai gane tsakiyar a kowane lamari? Aristo ya ce sai mai wata irin hikima ta aiki, wadda ba a haddace ta daga littafi. Ya lura cewa matashi yana iya ƙwarewa a lissafi, amma ba ya samun wannan hikima sai ya ga jiya ya ga yau. Mu hankali muke ce mata. Ita ce take gaya wa tsohon manomi ko ruwan da aka yi daren jiya na shuka ne ko na yaudara, ita ce kuma take gaya masa lokacin da zai yi magana a wurin rabon gado da lokacin da zai yi shiru.

Inda Malami na Farko ya zame

To, mutumin da ya faɗi duk wannan, shi ne kuma ya rubuta a littafinsa na siyasa cewa a birni mafi kyau bai kamata 'yan ƙasa su zama manoma ba. Hujjarsa ita ce nagarta da shiga sha'anin jama'a suna buƙatar sukuni, manomi kuwa ba shi da shi. Ya fi son bayi ko baƙin da ba Girkawa ba su yi noman. Mata ma bai ba su cikakken matsayi ba. Idan aka bi wannan hukunci, kusan duk wanda na sani a Makoɗa da Minjibir ya fita daga sahu tun kafin a fara gwaji.

Ina ganin ma'aunin Aristo ne da kansa yake karya hukuncin Aristo. Idan nagarta tana samuwa ne ta hanyar aikatawa, to ina aka fi samun damar aikata adalci fiye da inda gonarka take goga kafaɗa da gonaki huɗu? Ina aka fi koyon kamun kai fiye da gidan da rumbu ɗaya zai kai mutum goma sha biyu kaka? Attajirin Atina da bayi suke yi masa noma yana iya tattauna amana a inuwa, amma manomi ne ake jarraba shi da ita kowace damina. Girkawan ma ba su haɗu a kan ra'ayinsa ba. Tun kimanin shekara 700 kafin Miladiyya, mawaƙi Hesiyod, manomi daga ƙauyen Askira, ya tsara doguwar waƙa yana yi wa ɗan'uwansa Farsis nasiha bayan sun yi rigima a kan rabon gado, kuma jigonta shi ne haɗa aikin gona da adalci.

Sai dai akwai ƙwayar gaskiya a maganar sukuni, kuma bai kamata haushi ya hana mu tsince ta ba. Manomin karkarar Kano yana da nasa sukunin, shi ne rani. A nan ake komawa karatu wurin malam, a yi saƙa ko ƙira ko ɗinki, a kai ziyara, a zauna a dandali a sasanta waɗanda suka ɓata. Cin rani tsohuwar al'ada ce, amma yau da amfanin gona ba ya kaiwa ko'ina, magidanci yakan bar gida da zarar an gama girbi, ya tafi Legas ko Fatakwal ko Abuja yin ga-ruwa ko acaba ko leburanci, ba zai dawo ba sai hadari ya haɗu. Wasu ma ba sa dawowa noman. Yaron da ya kamata ya ga mahaifinsa yana tsayawa a kan iyaka, a waya kawai yake jin muryarsa. Makarantar tana nan, malamin ne yunwa ta kora.

Wadatar zuci da iyakarta

Wata ƙungiyar masanan Girka ta ba da amsar da ta fi daɗin ji a kunnen talaka. Su ne Sitoyikawa, mabiyan Zeno, wanda ya fara koyarwa a wata baranda a Atina wajajen shekara ta 300 kafin Miladiyya. Sun ce nagarta ita kaɗai ce alheri na haƙiƙa, kuma ita kaɗai ta isa rayuwa ta yi kyau. Dukiya da lafiya da suna duk na waje ne. Ɗaya daga cikin manyansu, Efiktitus, bawa ne da aka 'yanta. Ya koyar da cewa abubuwa kashi biyu ne, waɗanda suke hannunmu da waɗanda ba sa hannunmu, kuma mai hankali yana zuba ƙarfinsa a kan na farko.

Manomi bai buƙaci a fassara masa wannan ba. Farin 1973 da na 1984 ba a hannunsa suke ba, haka cutar da ta halaka gyaɗa a 1975. Abin da yake hannunsa shi ne ko zai taɓa hatsin da aka ba shi ajiya. Mu muna kiran wannan tsayuwa wadatar zuci, kuma ita ce take ba talaka damar duban mai kuɗi ido cikin ido.

Amma ina da shaidar da ta sa ban gamsu da cewa ita kaɗai ta isa ba. A ƙauyenmu akwai wani magidanci da yayansa ya rasu ya bar masa riƙon marayu uku da gonarsu. Wata shekara matarsa ta kwanta ciwon da sai an yi mata aiki a asibiti. Wani ɗan kasuwa ya same shi ya ce, "Malam, ai jingina ce ba sayarwa ba. Karɓi kuɗin nan ka ba ni gonar yaran, in Allah ya hore ka fanshe." Kowa ya san sau da yawa jingina ƙofar sayarwa ce. Ya ce, "Alhaji, na gode, amma gonar ba tawa ba ce." Ya sayar da awakinsa da kekensa, ya shiga ƙwadago a gonakin mutane. Matar ta warke, gonar marayu ta tsira.

Babu mai shakkar kirkin wannan bawan Allah. Amma a duba abin da ya biya. Da awaki suka tafi, taki ya tafi. Kwanakin da ya kamata ya yi noman firi a gonarsa ya yi su a gonar wasu, ciyawa ta rufe gero, abin da ya girba bai kai rabin na bara ba. Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa da Ɗorayi, ta bayyana irin wannan tarko, inda talauci yake hana mutum noma gonarsa da kyau, rashin noman kuma ya ƙara masa talauci. Babban ɗansa ya bar makaranta ya tafi birni. Shi kuma ya rage zuwa suna da biki, domin ko da yake zumunci a ƙafa yake, kunya tana hana ƙafa tafiya idan hannu babu komai. Sitoyikawa za su ce bai rasa komai ba. Ni da na ga yadda ya rame ba zan iya faɗin haka ba. Aristo ya ce masu cewa mutumin kirki yana cikin sa'ada ko da ana gana masa azaba, maganar banza suke yi, kuma a nan ina tare da shi.

Akwai kuma haɗari idan wadatar zuci ta fito daga bakin da bai dace ba. Idan talaka ya faɗa wa kansa, garkuwa ce. Idan wanda ya ƙoshi ya faɗa wa mai jin yunwa don ya sallame shi, ta zama hanyar zame wa nauyi.

Rufin asiri da nauyin jama'a

Ashe tambayar tawa biyu ce a cikin kwando ɗaya. Ko mai guntuwar gona zai iya zama mutumin kirki? Zai iya, har ya fi mai rumbu goma, kuma na ga haka da idona. Ko kirkin kaɗai ya isa rayuwarsa ta cika? Bai isa ba. Yana buƙatar wani gwargwado na abin hannu, kuma Hausa tana da sunan wannan gwargwado: rufin asiri. Shi ne abinci ya kai kaka, a iya sayen magani, a iya tarbar baƙo, a aurar da 'ya ba tare da an jinginar da gona ba. Aristo ma bai ce sai an yi arziki ba. Ya yaba da ra'ayin Solon, mai dokokin Atina, cewa masu sa'ada su ne waɗanda suka samu matsakaicin abin hannu, suka aikata kyawawan ayyuka, suka rayu da kamun kai.

Shi wannan Solon ya san zafin jingina. A zamaninsa ƙananan manoman Atina sun nutse cikin bashi, an kakkafa duwatsu a gonakinsu alamar suna hannun masu bin bashi, wasu har an sayar da su bayi. Wajajen shekara ta 594 kafin Miladiyya ya soke basussukan, ya tumɓuke duwatsun, ya hana bautar da ɗan ƙasa saboda bashi. Aristo kuwa ya rufe littafinsa na ɗabi'u da cewa maganar ba ta ƙarewa sai an shiga maganar doka da shugabanci, domin a cikin jama'a ake renon nagarta.

Darasin da na ɗauka shi ne, kirkin talaka amana ce a wuyan kowa. Mai unguwa da dagaci da alƙalin da suka tsaya aka raba gado bisa gaskiya, sun kare tarbiyyar 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Mai rumbuna da ya fitar da ɗaya cikin goma na amfanin damina, ya kai shi ga mabuƙacin da ke kusa da shi a kan kari, ya cire wani daga bakin jarrabawa. Attajirin da ya ba maƙwabcinsa rance ya ƙi karɓar gonarsa ya yi abin da Solon ya buƙaci doka kafin a yi. Samarin da suka raya gayya suka nome wa mara lafiya gonarsa sun hana tarkon ƙwadago kama shi. Hukumar da ta kawo taki kafin shuka, ta gyara hanyoyin ruwa a madatsun Tomas da Watari don magidanci ya samu noman rani a kusa da gida, ta mayar wa yara malaminsu na farko. Waɗannan duka ana lissafa su a babin tattalin arziki, alhali a babin ɗabi'a ma suna da gurbi.

Kammalawa

Daga Aristo na karɓi cewa kirki ana noma shi ne, yana da tsakiya, yana kuma buƙatar idon da ya ga duniya. Na mayar masa da hukuncinsa a kan manomi, domin gonakinmu sun ƙaryata shi. Daga Sitoyikawa na karɓi cewa akwai wani abu a cikin mutum da fari ba ya ƙonawa, amma ban yarda a mai da wannan hujjar barin mutum a cikin fari ba.

Kakanninmu sun noma ƙasa ɗaya shekaru aru-aru ba ta gaji ba, saboda ba su taɓa ɗaukar albarkarta a matsayin abin da ba ya ƙarewa ba. Kowace bazara sai sun kai mata taki. Mu kuwa muna ta ɗibar haƙurin talaka da amanarsa da kunyarsa, muna yabon su a wa'azi da waƙa, kamar rijiya ce da ba ta ƙafewa. Idan muna son jikokinmu su tarar da mutanen kirki a Kunchi da Bichi da Ɗambatta, to sai mun kula da gonar da halin yake tsirowa a cikinta, tun daga iyakarta har zuwa abin da yake shiga rumbun mai ita.